Ɗaki Mai Taya a Gonar Gubi

Litinin, 1 ga Yuli, bayan azahar

Likita ta ce in sami littafi in riƙa rubuta ko Baban Ni'ima ya yi barci, ko ya ci abinci, da abin da ya ce in ya yi magana. To ga shi na samu, ragowar littafin makarantar Ni'ima ne, ta bar shi a akwati da za ta tare a Gombe.

Bai yi barci ba. Ya sha koko rabin kofi. Ya ce mini sannu da na kai masa ruwan alwala.

Alhamdulillahi. Watan jiya war haka wa zan kai wa ruwan alwala? Butarsa tana rataye, in na zo wucewa sai in kau da kai.

Tun da ya dawo bai shiga ɗaki ba. Yana nan tsakar gida a gindin gwaiba, bayansa jingine da bango, idonsa a ƙofar zaure. In ruwa ya sauko ya matsa baranda, can bakin-baki inda feshi ke samunsa. Likita ta ba mu zuwa biyar ga watan gobe, ta ce in bai fara barci ba za ta kwantar da shi. Na tambaye ta ko ana rufe ƙofar ɗakin da ake kwantar da su. Ta ce ana rufewa, dole ne. A raina na ce ba da mijina ba.

Laraba, 3 ga Yuli, da la'asar

Bai yi barci ba.

'Yan barka ba su yanke ba. Tun hantsi ake sallama: mutanen masallaci, abokan aikinsa na haƙar burtsatse, dangin uwa, dangin uba, har da wani da ya ce sun yi firamare tare a Toro. Kowa zai durƙusa ya ce barka da arziki, Allah Ya kiyaye gaba, sannan ya gyara zama ya ce, "To Malam Sabitu, wai yaya abin ya faru ne?" Shi kuma sai ya fara murza yatsunsa. In sun tafi ina ganin rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Wa zan kora? Mutanen nan su ne suka yi ta yawo gida-gida a lokacin suna tara kuɗin fansarsa. Akwai wadda ta kawo 'yan kunnenta a ƙulle a bakin zani. Duk unguwarmu ta Ɗan Iya babu wanda bai sa hannu ba, har mai shayin bakin titi. Ni Juwairiyya in tsaya a zaure in ce musu ba ya ganin mutane? Da wane bakin? Kuma ba zan ce ba ya nan ba, ga shi zaune ana hango shi tun daga ƙofa.

Na gode musu, wallahi na gode. Ina ma su yi barkar daga waje.

Alhamis, 4 ga Yuli, da safe

Bai yi ba. Wata ta zo da 'ya'yanta, ƙaramin ya buga ƙofar banɗaki da ƙarfi. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Na kai wa Mama Agnes kunun aya a GRA. Shekaru ina kai mata duk Asabar, tun tana aikin jinya, tun mijinta na da rai. Na tarar da gidan duk kwalaye, ashe tashi za ta yi, ɗanta Jesse ya matsa ta koma wurinsa a Jos. Ta rungume ni ta yi ta kuka a kan Baban Ni'ima, ta ce a cocinsu ma sun yi ta addu'a. Ita kaɗai ce ba ta tambaye ni yadda abin ya faru ba.

Ta ja ni bayan gida wai in zaɓi tukwanen fulawa. Nan na gan shi a gindin mangwaro, wani ɗaki fari mai taya biyu, da hanci na ƙarfe a gaba inda ake maƙala shi a mota. Na sha hango shi, na ɗauka ɗakin ajiyar kaya ne. Ta ce karaban sunansa. Marigayi ya saye shi a hannun wasu Turawa masu aikin hanya da za su koma, kuma da shi suke zuwa Yankari da yara duk hutun Kirsimeti. Hausarta irin ta mutanen Bogoro ce, kowa "ka" ne a wurinta. Ta ce, "Shiga ka gani, 'yata, ba ya cizo."

Na shiga. Warin rima ya buge ni tukuna. Amma Allah mai iko, komai akwai! Benci biyu da ake haɗewa su zama gado, murhun gas mai kai biyu, ɗan wurin wanke-wanke da bai fi kwanon miya ba, da kabad har da farantan roba a ciki. Kuma taga ta ko'ina, gaba, baya, hagu da dama. Duk inda na juya ina ganin waje.

Na daɗe a zaune a bencin nan. Abin da ya zo mini shi ne, in aka ja wannan abu zuwa gonar Bappa a Gubi, duk wanda ya yi sallama a Ɗan Iya za a ce masa maigidan ya yi tafiya, kuma ba a yi ƙarya ba.

Na tambayi kuɗin. Ta faɗa, na yi dariya, na ɗauki kulata na fito.

Lahadi, 7 ga Yuli, da hantsi

Bai yi barci ba. Ni ma ban yi ba, ina ta zana tagogin nan a kaina.

Na gaya wa Bappa, ƙanen mahaifinsa, wanda shi ne uba a gare mu yanzu. Ya cire hula ya sosa kai ya ce Juwaira kin haukace ne? Mota ta tafi, filin Baban Ni'ima ya tafi, duk abin da aka tara ya tafi inda ya tafi, ni kuma in ɗauko akurki in sa ɗansa a ciki? Sannan me mutane za su ce, sun yi mana wahala mun gudu mun bar su?

Na ce Bappa ku yi haƙuri, ku je ku dubi rigarsa in baƙi sun tashi.

Da zai fita ya tsaya a kan Baban Ni'ima ya ɗan jima. Daga zaure ya ɗago murya ya ce ranar Talata zai je ya ga akurkin, gani kawai.

Talata, 9 ga Yuli, bayan azahar

Bappa ya zo da sukudireba, wai shi ba a cutarsa. Ya bi ƙasan ɗakin yana tsokana, daidai kusurwar baya sukudireban ya shige kamar a cikin tuwo. Ya dube ni da murna, shi ga wanda ya kama ɓarawo. Ya hau tsani ya ga rufin ya tsage wuri biyu. Ya kwanta a ƙasa da babbar rigarsa ya leƙa ƙarƙashi, ya fito da yanar gizo-gizo a gemu ya ce ƙarfen ƙasa lafiya lau, Bature bai yi wasa da shi ba, amma tayoyin sun mutu tun zamanin soja.

Mama Agnes ba ta ɓoye komai ba, ita ma ta nuna masa inda yake yoyo da wanda bai gani ba. Ta ce mutum biyu sun taya sama da abin da zan iya. Ɗaya zai zuba kaji a ciki, ɗayan zai yanke gefe ya yi shagon cajin waya. Tana faɗa tana shafa bangon.

Sai ta tambaye ni me zan yi da shi. Bappa ne ya ce, "Wani ne ba ya barci."

Ta ce in kawo abin da nake da shi.

Alhamis, 11 ga Yuli, da yamma

Na sayar da firiza. Maƙwabciyata ta saya, ta daɗe tana so. Da aka fitar da ita na ga inda ta zauna a siminti, fari tas. Ita ta yi kuɗin makarantar Ni'ima, ita ta yi mata gado da katifa, da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. To ai ba ta mutu ba, tana nan bayan katanga ina jin ƙugin ta.

Na haɗa da kwasar adashina na kai. Mama Agnes ba ta ƙirga ba. Ta zare wasu daga ciki ta mayar mini a hannu ta ce na taya ne, kar in sa ran zai kai Gubi da waɗancan. Na durƙusa zan yi godiya ta ɗaga ni ta ce gwiwarta ma ciwo take in ta ga ana durƙuso.

Na gaya wa Baban Ni'ima. Na ce na saya mana ɗaki a gona, babu kowa sai masara da ruwan dam. Ya dube ni ya ce to.

Ya ci tuwo loma huɗu ko biyar. Bai yi barci ba. Alhamdulillahi.

Asabar, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Yau Bauchi ta sha kallo. Mai faci ya sa mana taya biyu na hannu, Bappa ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa, aka ga ba ta da ƙugiyar da za a maƙala. Sai da aka ɗaure da sarƙa da igiyar rijiya. Muna tafe kamar masu rakiyar amarya, 'yan keke na ta oda, wani ya leƙo ya tambaya ko asibiti ne. Bappa ya ce masa gidan ubanka ne. Ni ina gaba na rufe fuska da mayafi ina dariya. Rabona da dariya har na manta.

Ba mu wuce gona ba, wurin mai walda muka tsaya. Bappa ya ce ba za a kai mutum bayan gari a cikin kwali ba, tagogin nan ko yaro zai ɓalle su da hannu, bayan abin da muka gani kuma ba sai an faɗa ba. Na ce wallahi kun yi gaskiya. Wa ke gina ɗaki a garin nan bai sa ƙarfe a taga ba? Ko kejin tantabara sai an sa masa kwaɗo. Na ce wa mai walda ya sa mai kauri, kar ya yi mana ha'inci, ƙofar ma a yi mata sakata ciki da waje.

Ragowar kuɗin duka na ba shi, ban ji ciwo ba.

Litinin, 15 ga Yuli, da magariba

An kai ɗakin gona. Bappa ya toshe rufin da kwalta, kafinta ya canza katakon da ya ruɓe. Na wanke ko'ina da omo da ruwan zafi, na turara, na shimfiɗa zanen gadonmu mai ruwan ƙasa wanda yake so. Modibbo mai tsaron gonar, da yake zaune da iyalinsa a can gefe, ya tayar mana da ɗakin a kan duwatsu don kar ya gangara.

Ƙarafunan sun yi kyau, an shafa musu baƙin fenti suna ƙyalli. Na girgiza ɗaya da hannu biyu, ko motsi. Na ce yau dai zan kwana da kwanciyar hankali.

Laraba, 17 ga Yuli

Wayyo ni Juwairiyya. Ina hankalina ya tafi?

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Bari in rubuta, tunda likita ta ce in rubuta.

Jiya muka kai Baban Ni'ima. Bai yarda ya shiga gaban mota ba, a baya ya zauna a buɗe, ni ma na hau muka zauna tare. A hanya har ya ɗaga kai yana kallon duwatsu. Da muka sauka ya shaƙi iska, na ga kafaɗunsa sun ɗan sauko. Na wuce gaba da ɗokina, na ciro makulli, na kama kwaɗon nan, ya yi ƙara da na buɗe, na ja sakatar ta yi irin kukan da sabon ƙarfe ke yi. Na juyo in ce bismillah.

Ba ni yake kallo ba. Tagogin yake kallo, ɗaya bayan ɗaya.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ja da baya a hankali har ya taka masarar Bappa, ya juya ya nufi bakin ruwa, ya tsuguna ya rufe kansa da hannuwa. Har la'asar yana nan. Modibbo ne ya je ya zauna nesa da shi kaɗan, bai yi masa magana ba, sai da rana ta yi sanyi suka taso tare.

Bai taɓa gaya mini yadda wurin yake ba. Ban taɓa tambaya ba. Yanzu na sani.

Ni da na sayi abin nan saboda tagoginsa, ni na biya aka toshe su. Mun dawo gida, ya koma gindin gwaiba. Ko ruwa bai sha ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Bai yi barci ba. Bai ci ba. Baƙi sun zo. Firiza na ƙugi a bayan katanga.

Bappa bai zo ba, wayarsa a kashe.

Asabar, 20 ga Yuli, da la'asar

Ina tankaɗe na ji a-kori-kura ta tsaya. Bappa ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba, rungume da ƙarafuna. Ya zube su a gaban Baban Ni'ima, ya koma ya kwaso wasu, ya sake komawa. A ƙarshe ya ɗora sakata biyu da kwaɗo a kai. Ashe tun jiya da asuba yana gona shi da Modibbo da zarton yankan ƙarfe, don babu wuta a can, kuma babu abin da za a sake ba mai walda. Dattijo mai ciwon baya! Na ce a sa mai kauri, an kuwa sa.

Ya ce, "Sabitu, ni na ce a sa. Ga su nan, babu ko ɗaya da ya rage. Ƙofar ma na ɗaure ta da igiya a buɗe, ko iska ba ta isa ta rufe ta ba."

Na so in ce ba shi kaɗai ba ne, ya harare ni.

Baban Ni'ima ya daɗe yana kallon tarin nan. Ya miƙa hannu ya taɓa bakin ɗaya inda zarto ya ci. Sannan ya kamo hannun Bappa ya juya tafin, duk ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe.

Ya ce, "Bappa, ka ji ciwo."

Tun da ya dawo bai haɗa magana mai tsawon wannan ba. Na shige kicin na cusa mayafi a baki.

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma

Muna Gubi. Da kansa ya hau bayan mota.

Bai shiga ba, ban kuma ce ya shiga ba. Akwai rumfar tampol da ake jawowa daga gefen ɗakin, na jawo na kafa sandunanta, na shimfiɗa masa tabarma na ɗaura gidan sauro. Ni ina ciki, shi yana waje, ƙofa a buɗe tsakaninmu. Wuraren da aka yanke ƙarfen sun bar tabo baƙi-baƙi a jikin farin bangon, abin ba kyan gani. Oho dai.

Shiru a nan har kunne na ƙara. Babu sallama ko ɗaya tun safe, sai shanun Modibbo da motocin ɗalibai can kan titi. Matarsa Lailatu ta aiko da nono. Ya shanye ƙwarya guda.

Laraba, 24 ga Yuli, da hantsi

Ya yi gyangyaɗi bayan asuba, a zaune. Ban san ko likita za ta karɓi wannan a matsayin barci ba, amma na rubuta.

Na shiga gari ɗebo kaya. Abin dariya, na tarar da Bappa a zaurenmu ya shimfiɗa darduma, ga butar shayi, ga mutane kewaye da shi. Ashe kullum nan yake wuni yana karɓar barka a madadin ɗansa. Duk wanda ya zo ya ce masa maigidan ya yi tafiya, amma zauna ka sha shayi. In an tambayi yadda abin ya faru sai ya kawo labarin yadda ya ja akurki daga GRA da igiyar rijiya, kullum kuma labarin ƙara tsawo yake, yau har da ɗan sanda ya sara masa. Mutane na tashi suna dariya, babu wanda ya ji an wulaƙanta shi.

Na ce Bappa Allah Ya saka. Ya ce in daina ɓata masa lokaci in kawo sukari.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Mama Agnes ta zo sallama, jibi za ta wuce Jos. Jesse ya kawo ta har gona. Ta ga tabon walda ta dube ni, na sunkuyar da kai, ba ta tambaya ba. Ta gaisa da Baban Ni'ima kamar jiya suka rabu, ta ce masa masarar nan tana son taki.

Ta ce mantuwa ta kawo ta. Ta ciro wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa daga jaka, ta shiga ciki, ta sa shi a wani rami a rufi daidai saman gado, ta murɗa. Wani murfi da na ɗauka faci ne ya ɗaga, sai ga sama. Bappa har kwalta ya shafa a gefensa bai san taga ba ce!

Ta ce a ciwonsa na ƙarshe marigayi ya ƙi ɗakinsu, nan yake kwana a bayan gida yana kallon ganyen mangwaro ta wannan tagar. Da ƙarfi ta faɗa, ba ni take gaya wa ba.

Na yi mata kunun aya ko da babu sanyi. Ta sha ta ce ya fi na firiza, ƙarya take yi, Allah Ya biya ta. Da motarsu ta tashi na bi ta da ido har ta hau titi. Ban san ranar da zan sake ganinta ba.

Da na juyo na gan shi tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunsa a waje, ya zura kai yana kallon sama ta rufin.

Talata, 30 ga Yuli, da safe

Wani ya harba bindigar farauta can wajen dam. Mun koma baya. Bai ci ba.

Alhamis, 1 ga Agusta, da la'asar

Na fara soya awara a murhun ɗakin ina kai wa bakin titi wurin ɗalibai. Ba laifi, ana samun na cefane.

Da na dawo yau na same shi zaune a dokin ƙofa, rabinsa ciki rabinsa waje, yana gyara igiyar rumfa da ta tsinke. Ya ce mini ɗaurin da na yi na mata ne. Na ce to ai mace ce ta yi. Ya yi wani abu da bakinsa, ban ce murmushi ba ne, amma ɗan'uwansa ne.

Barci dai har yanzu gyangyaɗi ne. Litinin za mu koma wurin likita. Na ninke masa kaya kala biyu na sa a ƙasan jaka, kar ya gani. Ina ninkewa ina cewa ba da mijina ba, amma na ninke.

Asabar, 3 ga Agusta

Ya shiga ya ɗauko hularsa ya fito. Da kansa. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Bai yi barci ba.

Litinin, 5 ga Agusta, wajen azahar

A hankali nake rubutu, kar takarda ta yi ƙara.

Tun da safe muka shirya muna jiran Bappa ya kai mu asibiti. Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Bappa ya bugo ya ce hanyar gona ba za ta biyu ba sai an ɗauke, mu jira. Iska ta fara, ta tumɓuke sandar rumfa ɗaya, tampol ya yi sama. Na ruga ciki na murɗa tagar rufi na rufe, na ce masa ya zo ya tsaya ko a bakin ƙofa ne.

Ya shigo. Ya zauna a bakin gado, daf da ƙofa. Ruwa ya kece, iska na watso shi ciki ta ƙofar nan da Bappa ya ɗaure, ya jiƙa tabarma, ya jiƙa jakar da na ɓoye kayansa, ya fara kai wa zanen gado. Na tsaya ina tare ruwan da faranti kamar wata sakarya. Ban kalli igiyar ba. Na rantse a raina ko ɗakin zai cika ya tafi da mu dam ba zan taɓa ta ba.

Ya ce, "Juwaira, kina jiƙewa."

Na ce ba komai, ruwa ne.

Ya tashi. Ya fita cikin ruwan, ina ganinsa ta taga yana fama da ƙullin Bappa, ya ƙi kwantuwa, ya sa haƙori. Ya dawo ya tsaya a ciki riƙe da ƙofar. Ya dubi tagar hagu, ya dubi ta dama, ya dubi ta baya, duk masara ce ke kaɗawa a cikin ruwa. Ya ja ƙofar ya rufe.

Ya ɗan tura ta, ta buɗe. Ya sake rufewa. Ya sake turawa, ta buɗe. Sai ya rufe ya saki.

Na ba shi busasshiyar riga. Ya kwanta a kan zanen nan mai ruwan ƙasa, wai bari ya ɗan miƙe bayansa kafin Bappa ya iso. Ruwa na dukan rufi, kusurwar baya na ɗiga a cikin roba. Na zauna a ɗaya bencin ban motsa ba, ƙafata ta mutu ban motsa ba. Can na ji abin da shekara ashirin da wani abu nake zungurinsa a kai ina cewa ya juya ya hana ni barci. Minshari.

An ɗauke ruwan tun ɗazu. Bappa ya iso, na leƙa ta taga na ɗora yatsa a baki. Ya kashe mota tun daga nesa, ya cire takalmi ya tako cikin taɓo, ya kara kunne a bango. Yanzu haka yana can zaune a kan dutse ya juya mana baya, yana ta share fuska da hula.

Na kira likita, murya ƙasa-ƙasa. Na ce ta yi haƙuri ba za mu samu zuwa yau ba. Ta tambaya ko lafiya, ko wani abu ya faru.

Na ce, "Barci yake."

Ta ce a ina?

Na ce a ɗaki. Shi ya rufe ƙofar.

Ta ce kar in tashe shi.

Wa zai tashe shi?